Turanci A Takarda, Shiru A Baki: Matsalar 'Yan Makaranta A Ƙaraye Da Rogo

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga makarantun sakandare na ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, zai tarar da wani abu mai ɗaure kai. Yaro yakan cika shafi biyu da rubutun Turanci, amma idan baƙo ya tambaye shi da Turanci sunan garinsu da sana'ar mahaifinsa, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Abin da ya faru shi ne ya koyi harshen da ido da alƙalami, kunnensa da bakinsa kuwa ba wanda ya sa su aiki.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin sakamakon jarrabawa yakan kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Ranar ganawa ta neman aiki, ko ranar da malamin jami'a ya ce a tashi a yi bayani gaban 'yan aji, takarda ba ta magana a madadin mai ita.

Tsarin jarrabawar ma yana da nasa laifin. Hukumar WAEC tana da takarda ta musamman a kan furucin Turanci, mai tambayoyi 60, amma a Nijeriya zaɓen amsa ake yi, ɗalibi ba ya buɗe baki ya furta ko kalma guda. Saboda haka malami yakan rubuta alamomin sauti a allo, yara su kwafe su haddace, a ci jarrabawa a wuce. Tamkar a koya wa mutum tuƙin mota ne ta hanyar zana masa sitiyari a ƙasa.

Manufar gwamnati kuma ta sha canzawa. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko na firamare, sannan a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara wa harshen gida wa'adi har aji shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Sai dai sanarwa a Abuja ba ta sa yaron ƙauye jin harshen da ba a yi a gidansu, ba a yi a kasuwarsu, ba a kuma yi a dandali.

Ga mai jin Hausa, wuraren tuntuɓe sanannu ne. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f", don haka "pan" da "fan" sukan fito iri ɗaya. Haka "v" yakan koma "b". Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da sukudireba, kuma yakan ɗauki wannan al'ada ya shiga da ita cikin Turancin kansa. Amma yana da gata da ba a cika faɗa masa ba: harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere, abin da Turanci ma yake yi, don haka kunnensa a shirye yake ya ji bambancin "sit" da "seat" idan aka nuna masa.

Tarihi ya tabbatar da cewa harshen Bahaushe ba shi da wata nakasa a wannan fanni. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibanta furucin Turanci, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, aka kuma yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, shi ma duniya ta shaida fasaharsa a harsunan biyu. Waɗannan mutane ba da Turanci aka yaye su ba. Ɗalibai kaɗan ne a aji, malami yana sauraron kowa, yana gyara masa nan take.

Abin mamaki, wannan hanya tana nan a kowane zaure na Ƙaraye da Rogo. A makarantar allo malam yakan biya, almajiri ya maimaita da ƙarfi, a gyara masa mafitar harafi har ya daidaita, kuma da haka yaro ɗan shekara bakwai yake furta haruffan Larabci waɗanda babu su a Hausa. Ba wanda yake jin kunyar ɗaga murya a can. Yaron nan dai shi ne yake zuwa ajin boko da safe ya yi gum, domin ya san da ya yi kuskure 'yan aji za su fashe da dariya, wataƙila ma sunan da za a laƙaba masa ya bi shi har gida. A ganinmu wannan dariya ta fi rashin littattafai ɓarna. Tarar da wasu makarantu suke ɗora wa wanda aka kama yana Hausa ita ma ba ta haifar da Turanci, shiru kawai take haifarwa.

Ƙaraye kuma tana da wata dama da yawancin garuruwa ba su da ita. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, inda matasa daga kowane sashe na Nijeriya suke yin mako uku kafin a rarraba su, da yawansu zuwa makarantu. Galibi ana kukan cewa ba sa jin Hausa. To, ai wannan shi ne amfaninsu: yaron da ke son magana da irin wannan malami ba shi da mafita sai ya lalubo Turancinsa. Da shugabannin makarantu za su ba su ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo su riƙe, maimakon a bar su da kwafar darasi a allo, da an ga canji cikin shekara guda.

Sauran abubuwan ba sa bukatar kasafin kuɗi. Minti goma a farkon darasi, yara biyu biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya sani, kamar yadda ake dafa mazarƙwaila ko yadda ake kamun kifi a madatsar ruwa ta Challawa. Labaran Turanci na rediyo, a saurara a maimaita jimla bayan jimla. Wanda gidansu ke da waya ya ɗauki muryarsa ya saurari kansa. Malami kuwa ya bari yaro ya kai ƙarshen maganarsa kafin ya gyara, kuma ya gyara abu ɗaya, ba goma ba.

Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Masu duba makarantu da Ma'aikatar Ilmi take turawa Ƙaraye da Rogo sun saba duba rajista da littattafan darasi. Ya kamata a ƙara musu da zama a aji, su ƙirga yara nawa ne suka buɗe baki kafin a kaɗa ƙararrawa.