Izinin gini a Ingila: alƙaluma sun yi kyau, masu nema na ta jira

A Ingila, tun da aka kafa dokar tsara birane da karkara a 1947, mallakar fili ba ta ba mutum ikon gina abin da ya ga dama a kansa. Sai ya nemi izini wajen ƙaramar hukumarsa, ita kuma doka ta ɗibar mata wa'adin ba da amsa: mako 8 ga ƙananan ayyuka, mako 13 ga manya, mako 16 idan sai an binciki illar aikin ga muhalli.

Ƙorafin jinkiri ya daɗe, gwamnatoci kuma sun sha yin gyara. A 2008 aka fito da fom guda da ake cikewa ta intanet a duk faɗin ƙasar. A 2013 aka ɗauko bulala. Buƙatar da ta kai mako 26 ba a yanke mata hukunci ba, a mayar wa mai ita kuɗinsa. Hukumar da ta cika nawa kuma za a iya tsallake ta, magina su kai takardunsu kai tsaye ga hukumar sufetocin tsare-tsare ta ƙasa. Ƙaramar hukumar Blaby ce ta fara shan wannan hukunci. Daga baya aka ɗaga ma'aunin da hukuma za ta cika don kauce wa wannan hukunci zuwa kashi 60 cikin 100 na manyan buƙatu da kashi 70 na ƙanana a kan lokaci.

Alƙaluma suka gyaru, amma magina da masu zanen gini ba su daina guna-guni ba. Dalilin yana cikin yadda ake lissafin. Idan mai nema ya amince a rubuce cewa a ƙara lokaci, duk hukuncin da ya fito cikin sabon wa'adin ana ƙirga shi a matsayin wanda ya zo a kan kari, ko da an shafe wata shida. To, wa zai ƙi amincewa? Jami'i ya rubuto ana gobe wa'adi zai cika, mai nema kuma ya san idan ya ƙi, mafi sauƙin abin da hukuma za ta yi shi ne ta ƙi buƙatarsa ta huta. Sai ya sa hannu, kuma da wannan sa hannun ya rasa damar karɓar kuɗinsa. Ga shi agogon ma ba ya fara tafiya sai an tabbatar takardun sun cika. A Disamba 2023 ministan gidaje Michael Gove ya fito fili ya soki yadda ake fakewa da ƙarin lokacin.

A ganina, laifin ba duka na jami'an ba ne. Tsuke bakin aljihu da aka yi bayan 2010 ya rage ma'aikatan sashen tsare-tsare, kuma sau da yawa su ma jiran ra'ayin hukumar tituna ko ta muhalli suke yi. Akwai kuma mai neman da ya gwammace "e" a makare da "a'a" da wuri. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya buga waya ba a ɗauka, ko a sauya masa jami'i ana tsakiyar aiki, waɗannan kuwa ba sa cikin ma'aunin gwamnati.

Maganin da aka koma wa shi ne kuɗi. A Disamba 2023 aka ƙara kashi 35 cikin 100 a kan kuɗin manyan buƙatu da kashi 25 a kan sauran, aka kuma rage wa'adin mayar da kuɗi zuwa mako 16 ga ƙananan ayyuka. A Afrilu 2025 kuɗin neman izinin faɗaɗa gida ya tashi daga fam 258 zuwa fam 528.