Kariyar Farfelar Injin Kwalekwale: Yadda Ake Ƙera Ta Da Abin Da Take Ci

Tun bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin wannan shekara, masu jigilar kaya da masunta a koguna da tafkunan ƙasar nan suka sami kansu a tsakanin tsada biyu, wato tsadar man da inji yake sha da tsadar kayan gyara. Injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale, wanda ƙirar Yamaha ce aka fi gani a bakin ruwayenmu, daga waje ake shigo da shi, haka ma farfelarsa da giyarsa. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, farashin abin da ke juyawa a ƙarƙashin ruwa yakan tashi. Wannan ya sa dabarar ƙera wa farfela kariya a wurin mai walda ta cancanci a dube ta da idon lissafi, musamman ga attajiran da ke zuba jari a jiragen da wasu ke tuƙawa.

Dalilin neman kariyar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ruwayen. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka da gonaki da tsohon garin Bussa, kuma kututturan itatuwa da yawa suna nan a tsaye a ƙarƙashin tafkin. Kowace shekara ruwan yana sauka da mitoci da dama kafin sabon ruwa ya iso, a lokacin nan ne hanyar da aka bi lami lafiya watanni uku da suka wuce take zama tarko. A kogin Binuwai kuwa tudun yashi ne ke fitowa da rani, yana kuma sauya wuri daga shekara zuwa shekara. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, ga ciyawa. A Legas, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa da ta shigo ta wajen Badagry a 1984 tana tafe da tarkace iri-iri a cikinta.

Idan farfela ta bugi kututture, ba karyewarta ce babbar hasara ba. Ƙananan injuna suna da wata 'yar ƙusa da aka yi ta domin ta karye kafin komai, manya kuma suna da roba a cibiyar farfela wadda ke sulɓewa ta shanye bugun. Ɓarnar da ta fi tsada ita ce wadda ke zuwa a hankali. Fiffike guda ya ɗan lanƙwashe, matuƙi ya ci gaba da aiki, inji yana karkarwa. Karkarwar ta cinye robar da ke tare mai a bakin sandar farfela, ruwa ya shiga akwatin giya, man giya ya koma fari kamar madara, daga nan haƙoran giya su lalace. Gyaran akwatin giya ya ninka kuɗin farfela sau da yawa, ban da kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure ba ya kawo ko kwabo.

Kariyar da ake ƙerawa takan zo da siga uku. Akwai zobe, wato falan ƙarfe da aka naɗe ya kewaye farfela. Akwai keji na rodi wanda ya rufe ta gaba da gefe, wani lokaci har da baya. Akwai kuma mafi sauƙi, ƙarfe ɗaya ko biyu da ke tasowa daga gaban akwatin giya su ratsa ta ƙarƙashin farfela, su ɗaga inji sama idan ya hau kan wani abu. Ga mai fama da kututture da yashi, zobe tare da wannan ƙarfe na ƙasa ya wadatar. Keji mai sanduna da yawa ya fi kare mutum da taru, amma shi ya fi cin mai, shi kuma ya fi saurin toshewa.

Aikin yana farawa da awo, kuma a jikin injin da za a sa wa kariyar ake yinsa, domin farfelar inji mai ƙarfin doki 15 faɗinta ya ɗan haura inci 9, ta mai doki 40 kuwa tana wajen inci 11. Kafin a taɓa komai sai a cire wayar fulogi, a sa giya a firi, yadda farfela za ta juya da hannu ba tare da inji ya tashi ba. Sai a yanka kwali a yi samfurin zoben, a gwada shi, a gyara, kafin a yanka ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin bakin fiffike da cikin zobe ita ce ran aikin. Kimanin faɗin yatsa guda ake bari a kowane gefe. In ta yi kaɗan, bugu ɗaya zai tura zoben cikin farfela, ko ɗan guntun itace ya maƙale tsakaninsu. In ta yi yawa, zoben ya zama babban abu da ake ja a cikin ruwa ba gaira ba dalili.

Wurare biyu kaɗai ya dace a ɗaure kariyar. Na farko shi ne faffaɗan farantin da ke saman farfela, wanda aikinsa hana ta zuƙo iska daga saman ruwa. Na biyu shi ne siririn ƙarfen nan mai kama da wuƙa da ya sauko ƙarƙashin akwatin giya. A waɗannan wurare ana iya huda ƙananan ramuka, nesa da baki, a ɗaure da noti mai kulle kansa, a sa washa mai faɗi don ta raba nauyin. Wanda ba ya son huda injinsa yana iya matse farantin tsakanin falan ƙarfe biyu. Jikin akwatin giya kansa ba a huda shi ko kaɗan, saboda mai ne a ciki. Haka kuma ba a yin walda a jikin inji. Ƙafar injin alminiyam ce, zafin walda yana narkar da robobin da ke tare mai, yana kuma iya karkatar da mazaunin giya. A tebur ake gama waldar kariyar, a goge kaifinta da magagari, ta huce, sannan a kawo ta wurin inji.

Akwai ƙananan abubuwa uku da mai walda wanda bai saba da injin ruwa ba yake iya rufewa bai sani ba. A gefen akwatin giya akwai 'yan ramukan da inji ke shan ruwan da ke sanyaya shi, kuma in ƙarfe ya tare su ko ya karkatar da ruwa daga gare su, inji zai yi zafi ya ƙone cikin ɗan lokaci. A injuna da yawa hayaƙi ta cibiyar farfela yake fita, don haka bayan cibiyar yana bukatar sarari. Sannan akwai wani ɗan ƙarfe mai launin toka da aka ɗaura kusa da farfela, wanda aka sa shi domin ruwa ya ci shi a maimakon jikin inji. Ba a cire shi, ba a kuma shafa masa fenti. Daɗin daɗawa, a bar hanyar da za a kwance farfela ba sai an wargaza kariyar duka ba, domin matuƙin da ƙusarsa ta karye a tsakiyar tafki ba shi da lokacin kwance noti takwas.

Game da kaurin ƙarfe kuwa, a nan ne hankalin mai walda ke yawan saɓa wa maslahar mai jirgi. Mai walda yana alfahari da aikin da ba ya lanƙwasa. Amma ƙarfin bugun kututture dole ya sauka a wani wuri, kuma in kariyar ta ƙi lanƙwasawa sai ta miƙa shi ga farantin alminiyam da aka ɗaure ta a kai, farantin ya tsage, ko ƙafar injin ta fashe. Ke nan an ceci farfela an sayar da abin da ya fi ta tsada. Kariya mai kyau ita ce wadda ta fi jikin inji rauni, ta lanƙwashe a miƙe ta da guduma da yamma. Ga ƙananan injuna rodi mai kaurin milimita 8 ya isa. Inda aka yi amfani da falan ƙarfe, a juya shi yadda kaifinsa ne zai fuskanci gaba, ruwa ya wuce ta gefensa.

Irin ƙarfen ya danganta da irin ruwan. A Yawuri ko Lakwaja ko Makurdi, baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti zai yi aiki, ko da yake tsatsa za ta ci shi a hankali. A Legas da gaɓar Neja Delta, inda ruwan ke da gishiri, ƙarfe marar tsatsa ake bukata, sai dai shi ma yana da sharrinsa: in ya haɗu da alminiyam a cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke zagwanyewa a kewayen ramin noti. Maganin wannan shi ne a sa roba tsakanin ƙarfen biyu, a riƙa duba wurin a kai a kai.

Sai maganar da ta fi shafar aljihu. Duk abin da aka ƙara a ƙarƙashin ruwa yana jan jirgi baya, kuma wannan ja ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In gudu ya ninka sau biyu, jan yana ninka kusan sau huɗu, ƙarfin da inji ke bukata don ya rinjaye shi kuma kusan sau takwas. Saboda haka masuncin da ke tafiya sannu yana duba tarunsa da ƙyar zai ji bambanci, amma jirgin fasinja mai gudu zai ji shi a totur da kuma a jarkar mai. Bari mu ɗauki misali domin lissafi kawai. Jirgi yana shan lita 20 a yini, kariya ta ƙara masa kashi ɗaya cikin goma, wato lita 2. In yana aiki kwana 25 a wata, lita 50 ke nan, a shekara lita 600. Mai jirgi sai ya buga kuɗin lita 600 a farashin garinsu, ya ajiye shi kusa da kuɗin farfelun da ya saya bara, da gyaran giya, da kwanakin da jirgin ya yi a ɗaure. A wasu wuraren kariyar za ta biya kanta da bugu ɗaya. A ruwa mai zurfi da tsabta kuwa hasara ce tsagwaronta. Abin da ya fi dacewa da yawancin kogunanmu, a ganin wannan marubuci, shi ne kariyar da ake ɗaurawa da noti idan ruwa ya janye, a kwance ta a ajiye idan kogi ya cika.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya game da tsaron rai, domin wasu na ɗaukar kariyar a matsayin maganin kowane haɗari. A Ostireliya ƙananan jiragen roba na masu ceto a bakin teku suna aiki da ita, saboda aikinsu shi ne kusantar mutum a cikin ruwa. Amma a Amurka wani kwamitin da ke ba rundunar tsaron gaɓar teku shawara ya duba batun a 1989, bai kuwa goyi bayan a tilasta wa kowa sa ta ba. Daga cikin dalilansa akwai cewa tana iya taɓa sarrafa jirgi a lokacin gudu, kuma tana ƙara faɗin abin da zai bugi mutum. Keji mai manyan ƙofofi ma yana iya riƙe hannu ko ƙafa a kusa da farfela. A mashigin da mata ke wanki yara ke iyo, kariya tana da amfani idan ana tafiya sannu, amma ba ta maye gurbin kashe inji kafin a isa gaɓa, ko ɗaura igiyar nan da ke kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa. Haka nan ba ta hana kututture fasa cikin jirgi, ba ta kuma rage nauyin lodin da ya wuce kima.

Inda ciyawa ta yi yawa, keji yakan zama kwando, ya tara ciyawa da leda har farfela ta rasa ruwan turawa, inji ya yi ta kuka jirgi bai motsa ba. A irin wannan ruwa zobe marar sanduna ya fi. Siririn zaren taru na roba kuwa yana ratsa kowace irin kariya ya naɗe a sandar farfela ya yanka robar mai, don haka kwance farfela a duba bayanta lokaci lokaci bai faɗi ba don an sa kariya.

Ga masu shagon walda a garuruwan bakin ruwa da dillalan kayan gyara, akwai ƙaramar kasuwa a nan, tunda injunan da ke yawo ba su wuce 'yan nau'o'i ba, kuma samfuri guda da aka auna da kyau zai yi wa injuna da yawa. Wanda injinsa sabo ne ya fara tambayar dillalin da ya sayar masa ko huda farantin zai soke garanti. Bayan an ɗaura, gwajin farko a yi shi da jirgi marar kaya a ruwa mai natsuwa: a tashi sannu, a tabbata ruwan sanyaya inji yana tsartuwa kamar yadda ya saba, a juya dama da hagu, a gwada ribas domin kariya tana rage masa ƙarfi, a saurari ko akwai ƙarar ƙarfe na taɓa ƙarfe. Sannan a bi hanya guda sau biyu da lodi iri ɗaya, sau ɗaya da kariya sau ɗaya babu, a auna man da ya rage a jarka. Bayan awa ɗaya ta farko a sake matse notocin, domin karkarwar inji takan sassauta su.