Tsohon Agogon Hannu: Abin da Ke Cikinsa da Abin da Ake Ƙaga Masa

Duk sa'ad da labari ya bazu cewa an sayar da wani tsohon agogon hannu a Turai kan miliyoyin daloli, sai mutane su koma tonon akwatunan iyayensu. Wannan ya zaro Seiko ɗin da mahaifinsa ya sayo a Makka, wancan ya lalubo West End na kakansa, kowa da lissafin da yake yi a zuci. Daga nan dillalai su shigo da nasu bayanin, wai akwai wani sinadari ɓoye a cikin tsofaffin agoguna, shi Turawa ke bi. Wasu maganganun suna da tushe, wasu ƙarya ce tsagwaronta, kuma agoguna da dama da suka cancanci adanawa a hannun masu su suka lalace, don an kasa rarrabe biyun.

Babbar ƙaryar ita ce ta jar zaiba, wadda ake cewa ana haɗa bam da ita, ko ana kiran aljanun kuɗi. Babu wani abu mai wannan siffa a cikin agogo, babu shi a ko'ina. Tatsuniya ce da ta yi ƙarfi tun wajen rushewar Tarayyar Sobiyet, tana ta sauya masauki. A 2009 ta sauka a Saudiyya kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, har hukuma ta fito ta ce damfara ce. Ɗan guntun gaskiyar da aka jingina ta a kai shi ne, wasu manyan agogunan tsaye masu lilo an sa musu zaiba ta gaske a jikin lilon, don zafi ko sanyi kada ya ɓata musu lokaci. George Graham na Landan ya fito da wannan dabara a shekarun 1720. Zaiba ce fara irin ta ma'aunin zafin jiki, guba ce, kuma agogon hannu mai wani ba shi da lilo balle a zuba masa ita.

Sai batun duwatsu. Idan aka buɗe bayan agogo za a ga 'yan jajayen ɗigo-ɗigo a jikin injin, a fuskarsa kuma an rubuta cewa yana da duwatsu 17 ko 21. Gaskiya ne yaƙutu ne, amma na masana'anta. Tun 1902 da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu da wuta, shi masu agogo suka runguma. Aikinsa shi ne ya zama mazaunin sandunan ƙananan ƙafafuwan injin masu juyawa, don ƙarfe kada ya ci ƙarfe. Wanda ya fasa inji don ya ciro su ya yi asarar agogo, abin da ya samu kuwa ba zai saya masa katin waya ba.

To, me ke sa agogo tsada? Ba zinariya ba ce, ko da yake nan tunanin mutane ya fi zuwa. Kamfanin Patek Philippe ya fara ƙera wani samfuri mai lamba 1518 a 1941, guda 281 kacal aka yi, akasarinsu na zinariya. Huɗu ne aka sani na farin ƙarfe. A Nuwamban 2016 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin huɗun a Jeniba, ya tashi sama da faran miliyan 11 na Suwizalan, ya ninka 'yan'uwansa na zinariya sau da yawa. Shekara guda bayan haka aka sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a Niyok kan kusan dala miliyan 17.8. Shi ma na ƙarfe ne. Matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi, da rubutunta a bayansa, ga hotunansa birjik yana sanye da shi. Ƙarancin abu ake saye, da tarihin da za a iya tabbatarwa, da kasancewar kayan jikinsa na asali ne.

Da wannan ma'auni, Seiko 5 na gidajenmu, wanda aka fara fitarwa a 1963 kuma aka ƙera miliyoyinsa, ba zai sa kowa ya yi arziki ba. Agogo ne nagari mai juriya, kuma a ganina wanda ya gaji na mahaifinsa ya fi dacewa ya gyara shi ya ɗaura da ya miƙa wa dillali a kan kuɗin cefanen mako.

Maganar gyara ce ta fi damuna, domin a nan ne mai kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Ana ɗauka cewa idan aka goge jikin agogo ya yi ƙyalli, aka sake fentin fuskarsa, aka sauya hannuwan da suka dushe, darajarsa ta ƙaru. Wurin masu tara tsofaffin agoguna wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Injin gogewa cin ƙarfe yake yi, yana tafiya da kaifin gefuna da hatimin da aka buga a jiki, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Fuskar da ta yi shekara tamanin ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta fi sabuwar fenti daraja nesa ba kusa ba, don ita ce shaidar shekarunsa. Gyaran da ake so a ciki yake: a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa mai irin na agogo daidai gwargwado, a sauya sifirin idan ya gaji. Duk abin da aka cire, ko gilashi ne da ya tsage, a ƙulle shi a mayar wa mai agogo.

Akwai kuma cewar da ake yi wai an cika wa agogo wani shi ya sa ya tsaya. Ba haka ba ne. Sifirin da ya cika, aikinsa yake jira. Abin da ya hana shi sakin ƙarfinsa tsohon mai ne da ya daskare, ko datti, ko wani abu da ya karye. Abin da ke cutarwa shi ne a ci gaba da murɗawa da ƙarfi bayan ya tsaya, ko a bar busasshen inji yana ta aiki.

Sunan kamfani a fuskar agogo ba hujja ba ce. Kasuwa cike take da agogunan haɗe-haɗe, inji daga nan, fuska daga can. Ana ɗaukar injin agogon aljihu a sa shi cikin sabon gida mai faɗi, a ce na sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, alhali na sojojin 1914 zuwa 1918 ƙanana ne a idon yau, da 'yan kunnuwa na waya da aka liƙa don ɗaura fata. Kada wani ya ce wannan sai a kan marasa sani. A 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne kan sama da faran miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗin gambiza ne. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin injin da ta cikin murfi, da hatimin azurfa ko zinariya, wanda a Ingila har shekara yake nunawa. Kamfanoni irin su Longines da Patek Philippe suna riƙe da tsofaffin kundayensu, ana iya neman bayanin agogo daga wurinsu da lambarsa.

Dillali kan ƙara wa hajarsa gishiri da cewa Rolex ne ya ƙirƙiro agogon hannu. Alhali a 1905 Hans Wilsdorf, mai Rolex, ya kafa kamfaninsa a Landan, sunan Rolex kuma sai 1908. Kafin nan kamfanin Breguet ya karɓi odar agogon hannu daga sarauniyar Naples a 1810, Patek Philippe ya yi wa wata basarakiyar Hangari nata a 1868, Cartier ya yi wa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont a 1904. Abin da Rolex ya yi fice da shi shi ne agogon Oyster na 1926 mai hana ruwa shiga, da iya talla. Ko agogo mai wana kansa, Baturen Ingila John Harwood ya riga shi fitarwa.

Abu ɗaya ne da gaske yake ɓoye a cikin wasu tsofaffin agoguna, shi kuwa ba a cika maganarsa a kasuwa ba, don ba ya kawo kuɗi. Daga wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa shekarun 1960, fentin da ke sa lambobi da hannuwan agogo haske cikin duhu da sinadarin radiyam ake haɗa shi. 'Yan matan da ke shafa shi a masana'antar Orange da ke jihar New Jersey ta Amurka an koya musu su riƙa daidaita bakin buroshi da leɓɓansu. Haƙoransu suka zube, ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, da dama suka mutu da ƙuruciyarsu. Biyar daga cikinsu, Grace Fryer na gaba, suka kai kamfanin ƙara, aka sasanta a 1928.

Kuskuren da ake yi yau shi ne a ce ai agogon ya daina haske, don haka gubar ta mutu. Abin da ya mutu hodar da ke bayar da hasken ce. Shi radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, yana kuma fitar da iskar radon mai jawo sankarar huhu. Agogo ɗaya da gilashinsa lafiya ƙalau, ana ɗaura shi jefi-jefi, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana ga wanda ya buɗe shi, ya hure ƙurar fuskar da baki, ya kankare busasshen fentin, sannan ya ci goro da hannun. Masu gyaran agogonmu da ke zaune da akwatin gilashi a bakin kasuwa su ne a sahun gaba, kuma ba kowa ya taɓa gaya musu ba. Agogon da aka rubuta T SWISS T a ƙasan fuskarsa tiritiyam ne a jikinsa, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin shekara 12 da 'yan watanni, shi da sauƙi.

Don haka mai karatu, idan tsohon agogo ya faɗo hannunka, musamman mai lambobi masu kaurin fenti ruwan ƙasa, kada ka buɗe shi, kada ka goge shi, kada ka ba yara su yi wasa da shi, kada kuma ka ajiye shi a ɗakin kwana. Ɗauki hotonsa gaba da baya, adana kwalinsa da rasidinsa idan suna nan, ka nemi mai gyaran da ya san tsofaffin injuna, ka faɗa masa batun radiyam tun kafin ya sa hannu.