Kalmar “Ƙato”: Ma'ana, Ƙira da Amfani

Kalmar “ƙato” sifa ce mai nuna girman jiki. Ana cewa ƙaton sa, ƙatuwar tukunya, ƙattin duwatsu. Siffar mace ta samu ne daga ta namiji ta hanyar ɗafa-ƙeyar -uwa, kamar dogo da doguwa. Idan girman ya wuce misali, sai a ce “ƙatoto”.

Ɗalibai sukan ɗauka “ƙato” da “babba” abu ɗaya ne, alhali akwai bambanci. “Babba” tana ɗaukar girman jiki da shekaru da muƙami, ba ta sauya siffa tsakanin namiji da mace, kuma jam'inta “manya” daga wani tushe ya fito. “Ƙato” kuwa ta tsaya ga jiki da ƙarfi. Saboda haka “babban mutum” girmamawa ce, amma wanda ya kira dattijo “ƙaton mutum” ya yi rashin ladabi.

Kalmar takan zama suna, da ma'anar ƙaƙƙarfan namiji, sau da yawa da ɗan raini: “Wani ƙato ya tare hanya.” Daga wannan ma'ana aka sami “'yan ƙato da gora”, wato matasa masu sintirin unguwa da dare, da kuma “ƙato bayan ƙato”, sunan da aka ba zaɓen da aka yi a Nijeriya a farkon shekarun 1990, inda masu zaɓe ke jeruwa a fili a ƙirga su.

Don haka, kafin a ce da mutum ƙato, a duba matsayinsa.