Harbe-harbe a Makarantun Amurka: Laifin Bindiga ko Laifin Gida?

Da safiyar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, wata malama a makarantar sakandare ta garin Oxford da ke jihar Mishigan ta Amurka ta ga wani zane a takardar aikin ɗalibinta mai shekara 15. Yaron ya zana bindiga da harsashi da mutum kwance cikin jini, kuma ya rubuta cewa wasu tunane-tunane sun hana shi sakat, yana neman a taimake shi. Nan take makaranta ta kira iyayensa. Suka zo, aka nuna musu takardar, aka shawarce su da su nema masa taimakon masana lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kwana biyu. Ba su tafi da shi gida ba, suka ce aiki na jiran su. Ba kuma su faɗa wa kowa cewa kwana huɗu da suka wuce uban ya saya masa bindiga ba. Bindigar kuwa tana cikin jakarsa, wadda babu wanda ya buɗe. Kafin a tashi makaranta ran nan, ya harbi ɗalibai da dama, huɗu suka mutu, wasu mutum bakwai suka jikkata.

A shekarar 2024 kotu ta samu iyayen biyu, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Su ne iyaye na farko a tarihin ƙasar da aka hukunta saboda kisan gillar da ɗansu ya yi a makaranta. Na fara da wannan shari'a ne domin a cikinta tambayoyi biyu da Amurkawa suka daɗe suna rabawa suka haɗu wuri guda: shin matsalar ta makami ce ko ta tarbiyya?

Musibar ba sabuwa ba ce. A ranar 20 ga Afrilu, 1999, ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami guda a makarantar Columbine ta jihar Kolorado, sannan suka kashe kansu. A Disambar 2012 wani matashi mai shekara 20 ya kashe mahaifiyarsa a gida, ya ɗebi bindigoginta, ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya hallaka yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da ma'aikata shida. A Fabrairun 2018 mutum 17 aka kashe a wata sakandare da ke Parkland a jihar Fulorida. A Mayun 2022 kuma, a garin Uvalde na jihar Teksas, wani ɗan shekara 18 ya harbi kakarsa, sannan ya kashe yara 19 da malamai mata biyu, yayin da jami'an tsaro kusan 400 suka share fiye da sa'a guda kafin su kutsa ajin. Tun shekarar 2020, bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, ƙasar kan rabu gida biyu. Masu ra'ayin riƙau kan ce iyali ne ya rushe: aure ya yi rauni, iyaye maza sun ɓace daga gidaje, an kori addini daga makaranta. Sukan tuna da hukuncin Kotun Ƙoli na 1962 wanda ya hana hukuma shirya addu'a a makarantun gwamnati, kuma bayan harin Sandy Hook, tsohon gwamnan Arkansas, Mike Huckabee, ya danganta abin da nesanta Ubangiji daga makarantu. Ɗaya ɓangaren kuma kan ce a daina kewaye-kewaye, makami ne ya yi yawa. Ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ya nuna akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Haƙƙin mallakar su kuwa yana cikin gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki tun 1791.

Mu da muka tashi cikin al'adar da ta ɗauki tarbiyya da muhimmanci, zuciyarmu kan karkata ga bayanin farko ba tare da dogon nazari ba. Amma adalci ya wajabta mu gwada shi da hujja. Ƙasashen yammacin Turai da dama sun fi Amurka nisa da wuraren ibada, aure na mutuwa a cikinsu, yaransu na kallon finafinai iri ɗaya da buga wasannin kwamfuta iri ɗaya, amma ba sa binne ɗalibai haka. Birtaniya ta ɗanɗana wannan baƙin ciki a Maris 1996, lokacin da wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a garin Dunblane na Sikotilan. Shekara na zagayowa majalisa ta haramta mallakar kusan dukkan ƙananan bindigogi, kuma tun daga nan ba a sake yin kisan gilla da bindiga a makarantar ƙasar ba. Haka nan, yaran nan biyu na Columbine ba daga rusassun gidaje suka fito ba. Kowannensu yana tare da uwa da uba, a unguwar masu rufin asiri. Ashe zaman uwa da uba ƙarƙashin rufi ɗaya bai isa ya zama kariya ba.

Sai dai masu ɗora komai a kan makami su ma sun bar rabin magana. Bindiga ba ta da ƙafar zuwa makaranta. A 2019, hukumar Secret Service mai tsaron shugabannin Amurka ta fitar da nazari kan hare-hare 41 da ɗalibai suka kai a makarantu tsakanin 2008 da 2017. Ta gano cewa mafi yawan waɗanda suka yi amfani da bindiga daga gidan iyayensu ko na wani ɗan'uwa na kusa suka ɗauko ta. Mafi yawansu sun sha tsangwama daga 'yan'uwansu ɗalibai, suna fama da damuwa a gida, kuma sun furta niyyarsu ga wani kafin su aikata. Abin nufi, wani ya ji, wani ya gani, amma aka yi shiru ko aka raina maganar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne shari'ar Oxford ta zama darasi. Kwana guda kafin harin, an kama yaron a aji yana binciken harsasai a wayarsa. Da makaranta ta sanar da mahaifiyar, saƙon da ta tura masa na raha ne, tana ce masa ba ta yi fushi ba, ya dai koyi yadda ba za a kama shi ba. A littafin da yake rubuta sirrinsa, ya koka cewa iyayensa ba sa sauraron sa idan ya nemi taimako. Gidan nan bai rasa abinci ba, bai rasa kyauta ba. Abin da ya rasa shi ne lura. Kotu ba ta tambayi iyayen irin aƙidarsu ko jam'iyyar da suke zaɓa ba. Ta tambaye su abin da suka sani, da abin da suka yi da saninsu, da inda suka ajiye makami.

Ra'ayina shi ne, kalmar tarbiyya ta zama mafaka ga masu son kauce wa aiki. Ɗan siyasa kan kira ta domin kada a taɓa dokar makamai. Uba kan kira ta domin ya ɗora laifi a kan zamani da wayar hannu. Alhali tarbiyya aiki ce ta yau da kullum: ka san abokan ɗanka, ka gane ranar da shirunsa ya sauya launi, ka amsa kiran malaminsa da gaske, ka kulle abin da zai cutar da shi ko ya cutar da wani. Al'ummar da ta damu da ɗabi'a kuwa ba za ta bar ɗan shekara 18 ya sayi bindiga mai kama da ta yaƙi a kanti ba, kamar yadda maharin Uvalde ya yi kwanaki kaɗan bayan cikarsa shekarun. Doka ma wani reshe ne na ɗabi'ar jama'a.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin wasu ne can ƙetaren teku. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su maharinsu daga cikin aji yake fitowa, mu namu daga daji yake zuwa: Buni Yadi da Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Waɗanda suka ɗauki makami a kan waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu matasa ne, kowannensu a wani gida aka haife shi, aka raɗa masa suna, sannan wata rana aka daina tambayar inda ya kwana. A biranenmu ma, ɗan daba da mai ƙwacen waya suna da iyaye da maƙwabta da suka ga take-takensu tun da wuri. Ga makamai sun yawaita a hannun da bai kamata ba, ga ƙwaya ta shiga lungu da saƙo.

Muna alfahari da cewa ɗa na kowa ne, amma yau maƙwabci na tsoron tsawata wa yaron da ba nasa ba, malami kuma na shakkar kiran uba don kada a ci masa mutunci. Idan makaranta ta kira ka gobe ta nuna maka takarda irin wadda aka nuna wa iyayen nan na Oxford, me za ka yi? Za ka ce aiki na jiran ka, ko za ka kama hannun ɗanka ku tafi gida, ka zaunar da shi, ka buɗe jakarsa, ka saurare shi har ya gama? Alƙiblar al'umma a irin wannan ƙaramin zama ake saita ta, tun kafin magana ta kai gaban alƙali.