Yadda Ake Hawan Dutsen San Fedro a Gwatemala

A lardin Solola da ke yammacin Gwatemala akwai tafkin Atitlan, wanda ke kwance a tudu mai kimanin mita 1,560 daga doron teku, cikin wani ƙaton rami da aman wuta ya bari shekaru kusan 84,000 da suka wuce. Duwatsu uku masu aman wuta ke tsaye a kudancinsa: Atitlan, Toliman da San Fedro. Na ƙarshen nan, mai tsayin mita 3,020, ya daɗe da yin shiru, har kurmi ya rufe samansa ruf.

Daga garin Fanahacel da ke bakin tafkin ake shiga kwale-kwale mai inji zuwa San Fedro La Laguna, garin mutanen Tsutuhil, ɗaya daga cikin al'ummomin Maya. Nan za a kwana. Da asuba sai a hau keke mai ƙafa uku zuwa ƙofar gandun dajin dutsen, a biya kuɗin shiga, a ɗauki ɗan jagora. Kada a yi rowar kuɗin nan, domin an sha tare matafiya a hanya a yi musu fashi, kuma ɗan gari shi ya san halin dutsensa.

Farkon hawan ta cikin gonaki ne: bishiyoyin kofi da 'ya'yansu jajaye, sai masara da aka shuka a gangare mai tsananin tudu. In ka haɗu da manomi ɗauke da itace a baya, igiyar ɗaure a goshinsa, ka kauce masa ka gaishe shi. Gonarsa ka ratsa.

Daga nan sai kurmi, kuma nan ne wahalar take. Matakalan itace ne a jere ba iyaka, ƙasa da danshi, iska tana raguwa, numfashi yana sama-sama. Dabarar ita ce gajeren taku, da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama ka ba. Awa uku zuwa huɗu ake kaiwa ƙololuwa, inda za ka hango tafkin shuɗi a ƙasa da garin Santiyago a bakinsa. Ka riƙe rigar sanyi.

Rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, shi ne lokacin da ya fi dacewa. In kuma a ranar za ka tsallaka tafkin, ka sauko da wuri, domin bayan azahar iskar da suke kira Shokomil takan tayar da igiyar ruwa.