Gaskiya ko Jita-jita: Rana Ta Wadata, Me Zai Kawo Ƙarancin Bitamin D?

Da yawa sun ɗauka ƙarancin bitamin D matsalar Turawa ce, masu yin watanni ba su ga rana sosai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Birtaniya hukumomin lafiya na ba kowa shawarar shan ƙwayar bitamin D kullum daga Oktoba zuwa Maris. Amma a 2020 wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Rana na sama, amma fata ce ke sarrafa bitamin ɗin, kuma sai hasken ya taɓa ta kai tsaye. Gilashin taga na tare irin hasken da ake buƙata. Baƙar fata kuma ta fi fara buƙatar jimawa a rana. Ma'aikacin da ke fita daga mota zuwa ofis, da matar da ke wuni a ɗaki, da tsohon da ciwo ya kwantar, duk suna iya rasa shi a tsakiyar bazara.

Sai batun hantsi. An saba cewa ranar sassafe ce mai bitamin D. Wannan jita-jita ce. Hasken da ke sa fata aiki ya fi ƙarfi idan rana ta ɗaga, lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta. 'Yan mintuna a wannan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ko a tsakar gida ne, sun fi dogon zama da fitowar rana. Jariri sabon haihuwa kam ba a shanya shi a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, su yi baka ko gwame. Za ka ga yaro ɗan shekara uku yana tafiya yana rangaji, wuyan hannunsa ya kumbura, ya yi taku kaɗan ya tsuguna saboda ciwo. Wasu su ce gado ne, wasu su ce an yi saurin tsayar da shi, masu ɗan karatu kuma su ce bitamin D ne kawai. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada magani a kan yara 123 masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 1999. Yaran da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Dalilin a bayyane yake: bitamin D taimaka wa hanji yake yi ya tsotsi kalsiyam daga abinci, to idan abincin babu kalsiyam ɗin, me zai tsotsa? Yaron da aka yaye ya koma kan koko da tuwon masara, ba nono ba madara, ƙashinsa na cikin haɗari ko da wuni yake a rana. Kindirmo, da ƙananan kifi da ake daka su da ƙayarsu, da miyar kuka, duk suna da kalsiyam. Irin wannan yaro asibiti ya kamata a kai shi da wuri, tun ƙashi na iya miƙewa da magani.

Ana kuma tallata ƙwayar bitamin D a Facebook da WhatsApp kamar maganin komai: daji, ciwon zuciya, karaya. A Amurka an yi wani babban gwaji mai suna VITAL, mutum fiye da 25,000, rabinsu na shan IU 2,000 (IU ma'aunin bitamin ɗin ne) kullum har kimanin shekara biyar. Bai rage kamuwa da ciwon daji ba, bai rage ciwon zuciya ba, bai rage karaya ba. Yawancinsu dama ba su da ƙarancin. Wanda ke da ƙarancin gaske, mai ciwon ƙashi da raunin cinya har tashi daga tabarma ya gagare shi sai da dafa bango, shi ƙwayar na yi masa amfani ƙwarai, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da shi.

Masu cewa ai bitamin ne, ba ya illa, sun yi kuskure. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a kitsen jiki. Idan ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, a fara tashin zuciya da ƙishirwa da yawan fitsari, har ƙoda ta taɓu. A ƙa'idar Amurka baligi na buƙatar IU 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma 800, iyakar da ba a so a wuce ita ce 4,000. A kemis kuwa akwai ƙwaya mai IU 50,000, wadda likita kan rubuta a sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Kafin ka biya, juya kwalbar ka karanta adadin da ke jiki, ka tambayi mai magani sau nawa aka ce a sha.